Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ma'aikatar Lafiya Ta Jihar Kaduna Kan Sakamakon Gwajin Alamomin Ciwon Daji

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da shugabannin asibitocin gwamnati da na kuɗi, da masu ɗakunan gwajin jini da ke faɗin jihar nan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan amanar lafiyar jama'a da aka ɗora muku, Ya kuma saka wa likitocinmu da malaman jinya da ma'aikatan gwaje-gwaje da alheri, domin mun shaida irin ɗawainiyar da suke yi dare da rana duk da ƙarancin hannu da ƙarancin kayan aiki.

Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekaru ina koyar da ilimin halittu a sakandare kafin na yi ritaya, kuma ina zaune a Tudun Wada a cikin garin Kaduna. Ni ba likita ba ne. Sai dai a unguwarmu an ɗauka cewa Malam ya iya karanta takardar asibiti, don haka da wuya mako ya wuce ba a yi mini sallama da ambulan a hannu ba. Wannan ne ya tilasta mini komawa karatu da yawan tambayar likitoci, domin kada in faɗa wa mutum abin da zai cutar da shi. A madadin waɗannan mutane nake magana, wato majinyata da masu jinyarsu, maza da mata, waɗanda ake miƙa wa takarda mai ɗauke da lambobi su koma gida da ita babu wanda ya faɗa musu ma'anarta.

Takardar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta gwajin da ake kira na alamomin ciwon daji a cikin jini, irin su PSA da CA-125 da AFP da CEA da CA 19-9 da CA 15-3. A 'yan shekarun nan ɗakunan gwaji sun yawaita daga Kawo zuwa Sabon Tasha, daga Unguwar Rimi zuwa Rigasa, abin da kuma ci gaba ne da ya kamata a gode wa Allah a kansa. Amma gwajin ya riga bayaninsa isowa. Waɗannan alamomi sinadarai ne, akasarinsu nau'in furotin, da ƙwayoyin jiki ke fitarwa zuwa cikin jini. Ƙwayoyin ciwon daji kan fitar da su da yawa, to amma lafiyayyun ƙwayoyi ma suna fitar da su, musamman idan gaɓar ta kumbura, ko ta ji rauni, ko wata cuta ta daban ta kama ta. Misalinsu kamar hayaƙin da aka hango yana tashi daga wani gida ne, wanda yana iya zama gobara, yana kuma iya zama uwargida ce ke hura wutar tuwon dare, sannan akwai wutar da ke cin rufin ɗaki a ɓoye ba tare da an ga hayaƙinta ba. Duk likitan da na tambaya abu ɗaya yake faɗa mini: ba a tabbatar da mafi yawan nau'o'in ciwon daji sai an ɗebo ɗan nama daga wurin da ake zargi an duba shi a ƙarƙashin madubin likita, bayan an saurari tarihin majinyaci, an duba jikinsa, an kuma ɗauki hoton da ya dace.

Kokenmu na farko, kuma mafi nauyi, shi ne yadda ake miƙa wannan sakamako ta taga kamar rasidin kuɗin wuta. Bara waccan abin ya faɗo cikin gidanmu. Ƙanwata tela ce, shekarunta 41 a lokacin, tana da 'ya'ya biyar, ta daɗe tana fama da ciwon mara da zubar jini mai yawa duk wata. A wani ƙaramin asibitin kuɗi aka rubuta mata jerin gwaje-gwaje, a ciki har da CA-125. Ta je ta ba da jini a rana ta uku da fara al'adarta, babu wanda ya tambaye ta ko tana cikin wannan hali. Ranar Juma'a da yamma aka miƙo mata ambulan. A ciki an rubuta 88, a gefe an nuna cewa ƙa'ida ita ce ƙasa da 35, an kuma zagaye lambar da jan biro. Da ta tambayi yarinyar da ke tagar, sai ta ce mata, "Hajiya, ki kai wa likitanki." Likita kuwa sai Litinin. Kafin magariba 'yarta ta buga sunan gwajin a waya, abin da ya fara fitowa kuma shi ne ciwon dajin gidan ƙwan mace.

Da na isa gidan bayan sallar isha'i, na tarar da ita zaune a kan tabarma, ta jera 'yan kunnenta da sarƙarta da awarwaronta a kan faranti, tana nuna wa babbar 'yarta abin da za a ba kowace daga cikin ƙannenta. Ta ɗago kai ta ce mini, "Yaya, ga yaran nan, amana." Ranar Litinin ta zo ta wuce ba ta koma asibiti ba, domin a ganinta an riga an yanke hukunci, kuma ba ta son jin sa daga bakin likita. Ta sayar da keken ɗinkinta, wanda da shi take ciyar da gida, ta sayi jarkokin magani a wurin masu talla da lasifika. Sai da muka yi kusan wata uku muna lallashi kafin ta yarda muka je wurin likitan mata a wani babban asibitin gwamnati. Aka yi hoton ciki, aka ga ƙarin mahaifa irin wanda ba na daji ba, aka sake gwajin bayan ta yi tsarki, lambar ta sauko ƙwarai. Bayanin da likitan ya yi mata bai wuce na minti goma ba. Da an yi mata shi ranar da aka ba ta takardar, da ba ta rasa jarinta ba, da kuma 'ya'yanta ba su yi wata uku suna kuka a ɓoye ba.

Abin da likitan ya faɗa mana ya cancanci kowace mace a jihar nan ta ji shi. CA-125 yakan hau a lokacin jinin al'ada, da lokacin juna biyu musamman watanni ukun farko, da idan akwai ƙarin mahaifa, da ciwon sanyin mara, da cutar da ke sa naman cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, da duk wata cutar hanta ko ta zuciya da ke tara ruwa a ciki. Har tarin fuka na ciki yakan ɗaga shi sosai, ya zo da kumburin ciki da rama, ya yi kama da ciwon daji ƙwarai, alhali cuta ce da ake warkewa da maganin wata shida wanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin tarin fuka. A ɗaya ɓangaren kuma, idan mace ta daina al'ada, cikinta na yawan kumbura, tana ƙoshi da ɗan abinci kaɗan, hoto ya nuna ƙari a gidan ƙwai, sannan CA-125 ya hau, to wannan magana ce ta gaggawa wadda bai kamata ta kwana ba. Lamba guda ce, amma ma'anarta ta bambanta tsakanin mace mai shekara 30 da mai shekara 60, kuma babu yadda za a yi takarda ta rarrabe wannan da kanta.

Koke na biyu ya shafi yadda ake tallata waɗannan gwaje-gwaje ga masu lafiya da sunan “gwajin kansa”, a haɗa biyar ko shida a dunƙule a sa musu farashi, a ce wa mutum ya zo ya san matsayinsa. Wannan alƙawari ne da gwajin ba zai iya cikawa ba. A Birtaniya an yi wani babban bincike da ya haɗa mata sama da 200,000, aka bi su shekaru masu yawa domin a ga ko auna CA-125 da hoton ciki ga matan da ba su da wata alamar ciwo zai rage mutuwa daga ciwon dajin gidan ƙwai, sakamakon ƙarshe da ya fito a 2021 kuma ya nuna cewa bai rage ba. Dalili ɗaya shi ne kusan rabin matan da cutar ke matakin farko a jikinsu, CA-125 ɗinsu yana nan daidai. Idan ƙasar da ke da likitoci da na'urori fiye da namu ba ta mai da shi gwajin kowa da kowa ba, ban ga hujjar da za a karɓi kuɗin bazawara ko ɗan fansho a Kaduna a kan wannan alƙawari ba.

Hatsarin da ke nan ya fi na firgita mai lafiya muni, domin shi kan sa marar lafiya ya saki jiki. Na san mace da ta ji ƙullutu a nononta, maimakon a tura ta a ɗebi naman a auna, sai aka yi mata CA 15-3, ya fito daidai, ta koma gida tana hamdala. Wannan gwaji kuwa ba ya yawan hawa a farkon ciwon dajin nono, amfaninsa yana wajen bibiyar wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar kuma ana yi mata magani. Haka wani maƙwabcina direban babbar mota, wanda ya san yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ya yi AFP sau ɗaya, aka ce masa lafiya lau, ya ninke takardar ya sa a aljihun mota kamar lasisin tuƙi, bai sake waiwayar asibiti ba sai bayan shekara biyu da cikinsa ya kumbura idanunsa suka yi rawaya. Allah Ya ji ƙansa. Mun yi imani kowa da ajalinsa, amma an umarce mu da neman magani, kuma shi bai ƙi nema ba, bayani ne bai samu ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon dajin hanta AFP ɗinsu ba ya hawa, shi ya sa ƙa'idar likitoci ga masu hatsarin kamuwa ita ce hoton hanta duk bayan wata shida, a haɗa da gwajin jinin idan an ga dama, ba gwaji ɗaya a rayuwa ba. Shi ma AFP ɗin yakan hau a lokacin juna biyu, da lokacin da ciwon hanta ya motsa, da idan hanta ta taurare, ba tare da akwai daji ba. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, ga shi kuma jiharmu ta masara da gyaɗa ce, waɗanda idan suka yi fumfuna a rumbu sukan haifar da gubar da ke ƙara wa hanta lahani.

Koke na uku shi ne ba a tambayar mutum komai kafin a soka masa allura, kuma a nan dattawanmu maza ne suka fi shan wahala. PSA yana fitowa ne daga wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet. Yawancin ɗakunan gwaji suna sa 4 a matsayin iyaka. To amma wannan ƙullutu yakan girma da shekaru ga maza da yawa ba tare da ya zama daji ba, girman nasa kuma kan ɗaga lambar. Ciwon sanyin fitsari yana ɗaga ta, sa robar fitsari yana ɗaga ta, riƙewar fitsari tana ɗaga ta, haka kusantar iyali ko motsa jiki mai tsanani a cikin kwana biyu kafin gwajin. Shi ya sa ake so wanda ya yi ciwon sanyin fitsari ya jira kamar mako shida bayan ya warke kafin a auna shi. Sau nawa ake kawo dattijo fitsari ya riƙe masa, a sa masa roba, a ɗebi jininsa a ranar, a miƙa wa 'ya'yansa takarda da lamba mai firgitarwa? Alƙaluman da hukumomin lafiya na Ingila suka daɗe suna faɗa wa jama'arsu su ne, a cikin maza huɗu da PSA ɗinsu ya hau, kusan uku ba su da ciwon daji. Akwai kuma akasin haka, wanda ba a cika faɗa ba: maganin rage girman furostet mai suna finasteride, wanda dattawa da yawa ke saye a kemis, yakan rage lambar da kusan rabi bayan an sha shi na wasu watanni, ta yadda mai lamba 3 a takarda yana iya zama mai 6 a haƙiƙa. Idan ba a tambayi mutum magungunan da yake sha ba, ta ina za a gane?

Ba na so a fahimce ni a kan cewa ina hana maza yin PSA. Ciwon dajin furostet shi ne ya fi kowane ciwon daji kama maza a Najeriya, kuma an san cewa baƙar fata sun fi sauran jinsi hatsarin kamuwa da shi, yawancin namu kuwa ba sa zuwa asibiti sai ya riga ya shiga ƙashin baya. A cikin duk waɗannan gwaje-gwaje, PSA ne kaɗai ake iya yi wa namiji mai lafiya da bai da wata alama, a fara idan ya kai shekara 45 zuwa 50, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, amma da sharaɗin an zauna da shi tun farko an faɗa masa abin da gwajin ke iya nunawa da abin da ba ya iyawa. Mazanmu suna da kunya a kan duk abin da ya shafi fitsari da iyali, ba za su faɗa da kansu ba sai an tambaye su a keɓe, da ladabi, ba a gaban layi ba.

Na huɗu, mutane ba su san cewa na'urorin gwaji sun bambanta ba. Wanda ya tsorata da sakamakon farko yakan garzaya wani ɗakin gwajin washegari, ya samu lamba daban, ya tafi na uku, ya dawo da takardu uku masu saɓa wa juna da aljihu wayam. Wanda ake bibiyar jinyarsa ya kamata ya riƙa yin gwajin a wuri guda, domin abin da likita ke dubawa shi ne tafiyar lambar a tsawon watanni, ko tana hawa ko tana sauka. A nan ne ma ainihin amfanin waɗannan gwaje-gwaje yake, kuma amfani ne babba. Wanda aka yi wa aikin ciwon dajin babban hanji, CEA na taimakawa a gane da wuri idan cutar na shirin dawowa, ko da yake shan taba kaɗai ma yana ɗaga shi. CA 19-9 kuwa yakan yi sama ƙwarai idan tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama har shawara ta fito, ya sauko bayan an buɗe hanyar, sannan akwai mutanen da jikinsu ba ya samar da shi sam ko da suna da ciwon daji.

Koke na ƙarshe shi ne rashin hanya bayan takarda. An ce wa mutum lambarsa ta hau, to ina zai nufa, wa zai gani, nawa zai tanada? Mazaunin cikin Kaduna yana da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko kusa da shi, na Zariya yana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda sashen kula da masu ciwon daji yake. Amma mutumin Birnin Gwari ko Saminaka ko Kaciya ko Kafancan sai ya yi lissafin kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya kafin ya motsa, kuma idan babu wanda ya rubuta masa takardar turawa ya faɗa masa ranar da ake ganin irin matsalarsa, zai iya yin tafiyar banza sau biyu ya haƙura. Wannan giɓi ne masu maganin ƙarya ke cikewa, domin su suna da lokacin zama da mutum, suna magana da harshensa, suna kuma ba shi tabbacin da likitan kirki ba zai bayar ba. Su ne ke ƙarfafa camfin nan da ya yi katutu a zukatan jama'a cewa idan ƙarfe ya taɓa daji yaɗuwa yake yi, wanda ke sa mutane ƙin yarda a ɗebi nama a auna. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne mutum yakan zo a makare, cutar ta riga ta yi nisa, idan ya rasu bayan aiki sai a ɗora wa wuƙar likita laifi.

Ranku ya daɗe, abin da muke nema ba alfarma ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta wajabta wa mai ba da kulawar lafiya ya sanar da majinyaci halin da lafiyarsa ke ciki da zaɓin da ke gabansa, gwargwadon iko cikin harshen da yake fahimta, tare da la'akari da matsayin karatunsa. Kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ya nanata wannan haƙƙi. A kan wannan tushe nake gabatar da roƙonmu.

Muna roƙon Ma'aikatar ta fitar da umarni cewa kada a miƙa wa kowa sakamakon gwajin alamomin ciwon daji sai wani ma'aikacin lafiya da ya san abin ya zauna da shi a keɓe, ko da na minti biyar ne, kuma idan babu mai yin hakan a wurin, a aika sakamakon kai tsaye ga likitan da ya nema, a ba majinyaci ranar ganinsa. Kada a bar mutum ya kwana uku da jan biro a hannu saboda sakamako ya fito ranar Juma'a. Muna roƙon a haɗa kai da hukumar ƙasa mai kula da aikin ɗakunan gwaje-gwajen lafiya, da reshen ƙungiyar likitoci na jihar nan, a hana tallar waɗannan gwaje-gwaje a matsayin hanyar gano ciwon daji ga mai lafiya, a kuma sa sharaɗin cewa sai da takardar likita za a yi su. Masu ɗakunan gwaji da yawa mutanen kirki ne masu kishin sana'arsu, na tabbata za su yi maraba da ƙa'idar da ta hau kan kowa.

Muna roƙon a samar da 'yar gajeriyar takardar tambayoyi da za a cike kafin ɗibar jini: ko mace tana al'ada ko tana da juna biyu, ko namiji yana da ciwon sanyin fitsari ko an sa masa roba kwanan nan, ko mutum yana shan taba, ko yana da ciwon hanta, da magungunan da yake sha. Wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi, takarda ce da biro, kuma ya kamata amsoshin su bi sakamakon zuwa teburin likita.

Muna roƙon a ware rana guda a mako a manyan asibitocin jiha, irin su Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, da Gwamna Awan da ke Kakuri, da Gambo Sawaba da ke Zariya, da Patrick Yakowa da ke Kafancan, inda duk mai riƙe da irin wannan sakamako zai ga likita ba tare da dogon jira ba, a tantance wanda ke buƙatar a sake masa gwaji bayan wasu makonni, da wanda ke buƙatar hoto, da wanda ya wajaba a tura shi asibitin koyarwa a makon. A haɗa wannan da tsarin da zai sa a ɗebi nama a asibitin da ke kusa da mutum a aika da shi inda masu duba nama suke, maimakon a ce majinyaci ne zai yi ta hawa mota. Muna kuma roƙon hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta duba yiwuwar ɗaukar nauyin matakan da ke biyo bayan sakamakon da ya hau, wato maimaita gwaji da hoto da auna nama, domin a nan ne talaka ke tsayawa. Akwai asusun tallafi na gwamnatin tarayya ga masu ciwon dajin nono da na bakin mahaifa da na furostet, wanda asibitin Shika na cikin cibiyoyinsa, amma a cikin duk waɗanda suka yi mini sallama da ambulan ban taɓa cin karo da wanda ya taɓa jin labarinsa ba. A sanar da jama'a.

Kuɗin da mutane ke zubawa a dunƙulen gwajin jini, da an nuna musu hanya, da sun sa shi inda aka tabbatar yana ceton rai: duba bakin mahaifa ga mata, rigakafin cutar da ke haddasa ciwon dajin bakin mahaifa ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, gwajin ciwon hanta nau'in B da allurar rigakafinsa ga jariri a cikin awa 24 da haihuwa, da kai duk wani ƙullutun nono asibiti tun yana ƙarami. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko su ne farkon waɗanda ake nuna wa takarda a ƙauye, don haka muna roƙon a ba su horo na yini ɗaya ko biyu a kan abin da za su faɗa da abin da ba za su faɗa ba. A kuma yi amfani da Rediyon Tarayya na Kaduna da gidan rediyon jiha da sauran tashoshi masu zaman kansu, a kawo likitoci su yi bayani da Hausa a lokacin da mata ke gida suna saurare, a roƙi limamai da fastoci su isar da saƙon, tunda masu maganin ƙarya ba su bar wa kowa filin ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi sauƙi, kuma ana iya fara shi a wannan watan. A wajabta buga ɗan bayani a ƙasan kowace takardar irin wannan sakamako, da Hausa da Turanci, har da rubutun ajami saboda iyayenmu da ba su yi boko ba, da kuma sauran harsunan jihar inda ake buƙata. Na gwada rubuta shi, na karanta wa ƙanwata da wasu dattawa biyu a majalisarmu, suka gyara mini wasu kalmomi, ga yadda ya tsaya: “Wannan gwaji shi kaɗai ba ya tabbatar da cewa kana da ciwon daji, ba ya kuma tabbatar da cewa ba ka da shi. Abubuwa da yawa da ba daji ba suna iya sa lambar ta hau. Kada ka fara shan wani magani saboda wannan takarda. Ka kai ta wurin likita a cikin mako guda, ko lambar ta hau ko ba ta hau ba, muddin kana jin wani ciwo ko ƙullutu a jikinka.” Likitocinku sun fi ni sanin abin da ya kamata a ƙara ko a rage, kuma idan ana buƙatar wanda zai zauna da su a daidaita Hausar, ni da wasu tsofaffin malamai a shirye muke mu zo ba tare da an biya mu ko kwabo ba.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.